Rigar Da Ba A Yankawa

Almakashin Maimunat bai san tausayi ba. Tun da ta ajiye aikin banki ta buɗe shago a unguwar Kado, duk tsohon saƙi ko zanen kaka da ya faɗo hannunta, nan da nan ya koma jaka, takalmi ko rigar 'yan gayu. Lokacin kuɗi na yawo a Abuja, matan manya kuwa sai rububin kayanta suke yi, wai gargajiya ta dawo. Mijinta Manniru, ma'aikacin gwamnatin tarayya, har tsokanarta yake yi cewa wata rana zai farka ya tarar an feɗe hularsa.

Shi ya sa abin ya tsaya masa a rai da ya ga riga ɗaya ta tsira.

Babbar riga ce ta saƙi, shuɗiya, da aikin hannu na aska biyu, wuyanta ya ɗan cinye. Maimunat ta dawo da ita daga wata tafiyar neman tsofaffin kaya, kuma ita kaɗai ta samo a tafiyar. Ba ta jefa ta cikin tulin da ke jiran yanka ba. Farin ƙyalle ta samu ta naɗe ta, ta turara, ta sa a ƙasan durowar shago. Da ya tambayi mai ita, sai ta yi wani murmushi.

"Ta wani babban mutum ce. Ka yi haƙuri, lokaci bai yi ba."

Babban mutum! To, Manniru bai manta da Uthman ba, mai manyan rigunan nan da ya nemi aurenta kafin shi, wanda in ya sako malum-malum sai layi ya ɗauki ƙamshi. Shi kuwa maraya ya tashi, ko fuskar ubansa bai sani ba, babu wanda ya koya masa naɗe hannun riga. Kwat ce abarsa, kuma ya daɗe yana zargin cewa a idonta hakan nakasu ne.

Kishi kumallon mata, in ji masu magana, amma wallahi na maza ya fi muni, don su ba sa amayarwa. Tuwo ya daina wuce masa. A ofis sai ya zuba wa bango ido. Ana haka ya tsinkayo ta a waya, murya ƙasa-ƙasa: "Ranar da na fara taɓa ta sai da na yi hawaye. A'a, bai sani ba. Asabar ɗin nan, in sha Allah, zan zo tasha da kaina."

Ranar Asabar tana fita da mota, ya zarce shago. Ya jawo durowa, ya warware ƙyallen, sai shaiɗan ya raya masa ya gwada. Rigar ta zauna masa ɗas, kafaɗa da tsawo, kamar shi aka auna. Na ɗan lokaci ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da bai san dalilinsa ba. Sai ya tuna mai ita yana hanya, ya fizge ta daga jikinsa.

Ya dangwarar da ita gaban Thaddeus, babban telan shagon.

"Yanka. Jakunkuna za a yi."

"Oga, madam ya ce kowa kar ya taɓa wannan riga fa."

"Ita ta aiko ni. Ko sai ka ga takarda?"

Thaddeus ya dube shi, ya dubi rigar, ya ɗauki almakashi. Manniru ya ja kujera ya zauna, yana sauraron ƙarar zare yana rabuwa, ransa fes. Aikin ƙirji ya fita daban, aljihu daban, hannuwa suka zube ƙasa. Bari babban mutum ya zo ya ɗauki abinsa a tsumma.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofa. Ya miƙe ya gyara kwat, ya shirya maganganun da zai yaɓa wa Uthman. Amma wadda Maimunat ta riƙo wa hannu, tana takawa a hankali da sandarta, Inna ce, mahaifiyarsa, da ba ta taɓa yarda ta taka Abuja ba.

Maimunat ba ta lura da teburin tela ba. Fuskarta cike da fara'a ta nufi durowa.

"Ashe kana nan! To, ka rage min wahala. Na sha yawon ƙauyuka kafin na gano gidan malamin da aka bai wa ita sadaka ranar bakwai, kuma Allah Ya sa 'ya'yansa ba su taɓa ta ba." Ta jawo durowar. "Matso kusa, Inna ta ce da hannunta za ta sa maka rigar babanka."