Jikokin Barnabas

Ranar Asabar da hantsi Mis Ophelia Tarpley tana kan tsani a bakin gada, tana goge allon tarihi da tsumma. Ta haura saba'in, likita ya hana ta hawa ko da kujera, amma shi ma ya san iska ya faɗa wa.

A duk jihar Alabama babu garin da ya kama ƙafar namu, Harlow Bend, a yawan allunan tarihi. Baƙin ƙarfe ne da rubutun ruwan zinariya, an kafe a bakin titi. Wasu garuruwan alluna uku kacal gare su, suna ta cika baki. Mu kuwa in ka yi tuntuɓe, da allo za ka buga goshi. Kuma rabinsu labarin gwarzo ɗaya suke bayarwa, Barnabas.

Na bakin gada ya ce a nan ya tsaya shi kaɗai lokacin yaƙin basasar Amurka, ya ƙi matsawa. Sojojin Arewa suka yi lallashi, suka yi duka, suka gaji suka canja hanya. Na bakin kogi ya ce shekarar ambaliya ya ƙetare da matar fasto a bayansa, har da akwatinta. Na gaban kotu ya ce a nan ya ciji magajin gari. Na ƙofar coci ya ce sau ɗaya tak ya shiga, da ƙyar aka fitar da shi.

Tsofaffin da suka san shi ido da ido su suka rubuta allunan. Ƙarfe ba ya ɗaukar dogon surutu, don haka abin da kowa ya sani ba su ɓata wuri da shi ba. Ko sunan mahaifinsa babu, balle hoto.

Dokar Ƙungiyar Tarihi ta garin ita ce, sai jinin Barnabas yake shugabantarta. Mis Ophelia ta gaji kujerar daga uwarta. Ita ke yaye ƙyalle in an kafa sabon allo, ita ake fara zuba wa soyayyar tarwaɗa a taron coci. Ba miji, ba ɗa. Kujerar nan ita ce duk abin da ta mallaka.

Sai Alƙali Cletus Vandiver ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, ya tashi a taron coci ya ce shi ne jikan gaskiya.

"Mis Ophelia, dubi tsawon fuskar nan tawa. Wannan ai daga babban gida ta fito."

"Allah ya yi maka albarka, Cletus," in ji ta da murmushi. A garinmu in mace ta faɗi haka, ta gama zaginka. "Kakanka ɓarawon kaji ne, kowa ya sani. Taurin kan nan nawa fa, a kanti na saya?"

Gari ya rabu biyu. Masu aski suka daina yi wa 'yan wancan ɓangaren aski. Don ya nuna jini ba ya ɓuya, Alƙali ya je ya tsaya a tsakiyar gada, ya tare motoci tun azahar har zafin rana ya kwantar da shi. Mis Ophelia kuwa ta jira zaman majalisar gari, magajin gari ya miƙo hannu su gaisa, ta gartsa masa cizo.

Da hannu a naɗe magajin gari ya yanke hukunci. A tone kabarin, a gwada ƙashin, wanda ya dace da shi ya ɗauki kujera, ɗayan ya rufe mana baki.

Yau ce ranar. Shi ya sa take ta goge allon, don uwarta ba ta taɓa nuna mata wata shaida ba. Faɗa mata kawai ta yi, kamar yadda ita ma aka faɗa mata.

Kabarin ba a maƙabartar coci yake ba, yana bayan tsohuwar masana'antar gurzar auduga. Allon wurin ya ce an binne shi inda ya faɗi, don an rasa mai iya ɗaga shi. Faɗin kabarin ya yi na mutum uku, abin da kullum muke nuna wa baƙi muna hura hanci.

Jama'a suka zo da kujerunsu da shayi mai ƙanƙara. 'Yan badujalar makaranta suka jeru. Alƙali ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza. Mis Ophelia ta zauna a gaba, jakarta a cinya, ta ƙanƙame ta da hannu biyu.

Shebur ya daki wani abu. Dakta Whitlow, babban likitan gari, ya sauka ramin, ya durƙusa, ya share ƙasa. Ya daɗe. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"To, Dakta?" in ji Alƙali. "Ka gaya wa baiwar Allahn nan ta tashi mini daga kujera."

"Kar ka kula shi," in ji Mis Ophelia. "Faɗa mini kawai. Nawa ne ko nasa?"

Dakta Whitlow ya miƙe a hankali, ya ɗaga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsatsa, da ƙusoshinsa a jiki.

"Takalmin kofato ne, akwai sauran uku irinsa a ƙafafunsa," ya ce. "Ku yi haƙuri ku duka biyun. Barnabas alfadari ne, alfadari kuma ba ya haihuwa."