Kunamar Teku

Yana buɗe tukunyar, matarsa ta ga fuskarsa ta canza.

"Ina wutsiyoyin?" ya tambaya ƙasa-ƙasa, don ogansa na falo yana jiran abinci.

Tun daga Bakassi, inda ya yi aikin soja, ya ɗauko manyan jatan landen nan cikin ƙanƙara, don murnar dawowarsa Zuru. Ita kuwa ƙattin kunamu ta gani. Sai ta datse wutsiyoyin ta binne bayan rumbu, ta dafa kawunan.

"Ai naman duk a wutsiyar yake!"

Ta dube shi ido cikin ido. "Tun da ka tafi nake roƙon Allah harsashi ya kuskure ka. Sai ka dawo dafi ya kashe ka a tukunyata?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki tukunyar da kansa, ya nufi falo.