Matar Marigayi Mai Kalangu

Tun daga unguwar Barbès ta Paris Derek yake ba da tarihin kansa, har suka hau babbar hanyar Lyon bai gaji da jin muryarsa ba. Clarisse, mai shirya fim a kan ƙungiyarsa, tana gefensa da kyamara. Direban da ta ɗauka haya, wani dattijo mai farin gemu da lasisinsa ya ce Moustapha, yana gaba yana tuƙi.

Tarihin kuwa bai kai tsawon hanyar ba. Samari huɗu ne daga arewacin Ingila suka sayi piyano mai lantarki, suka shafa kwalli, suka tayar da gashi sama, suka sa wa kansu suna Pale Ferries. A 1983 waƙarsu ɗaya ta kai ta uku a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a ƙasar. Mai bi mata ta maƙale a ta ashirin da biyu. Ta bayanta ta leƙa ta sittin da takwas mako guda, ta koma inda ta fito. Yanzu ana 2011, gashin ya zube, kwallin na nan, ƙungiyar ta rage Derek kaɗai da tumbinsa.

Kowa ya san abin da ya ɗaga waƙar farko: kalangun da ke shigowa a tsakiyarta. Wani mutumin Nijar ne ya kaɗa shi, Ɗan Juma, wanda ko hotonsa ba a sa a bayan faifai ba. Da aka daina ganinsa, Derek ya gaya wa 'yan jarida zazzaɓi ya kashe shi a Afirka, suka sayi na'urar kiɗa a madadinsa. Shekara ashirin da bakwai yana cin abinci da wannan mutuwar. Duk inda ya hau dandamali sai ya matso ƙwalla.

Kamfanin faifai ya gindaya masa sharaɗi: za a sake fitar da waƙar, amma sai fim ɗin ya ƙare da iyalin marigayin suna sa masa albarka. In babu wannan, ya koma rera waƙa a bukukuwan ƙauye har ƙarshen ransa. Direban ne ya ce wa Clarisse ya san matar marigayin a unguwar La Guillotière ta Lyon, kuma zai yi musu tafinta.

A hanya Derek ya sa an kunna waƙar sau biyar. Duk sanda kalangun zai shigo, yatsun direban kan riga shi sauka a kan sitiyari.

"Kin ga mutanen nan," in ji Derek, yana gyara zama a gaban kyamara, "kiɗa a jininsu yake."

Ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dubi madubin gaba ba. Wanda ya taɓa zama na uku a Ingila, ina ruwansa da fuskar direba?

Gidan yana saman wani shagon atamfa. Direban ya shige gaba, ya ce su yi hankali da matakala ta bakwai, rawa take. Matar, Hajiya Rékia, ta kawo ruwa da dabino, ta durƙusa ta gaishe da direban tukuna, gaisuwa mai tsawo, sannan ta waiwayi baƙi. Clarisse ta rubuta a littafinta cewa mutanen nan suna girmama tsofaffi.

Aka kunna kyamara. Clarisse ta roƙi Hajiya ta fara da faɗin sunan mijinta, direban ya mayar da Hausa. Hajiya ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Matar da ta tashi a Damagaram ba ta kama sunan mijinta ko da za a yanka ta. "Shi" ne, ko "maigida". To, wa zai tsaya yi wa Turawa wannan karatun?

"Har yanzu ba ta iya furta shi," Clarisse ta raɗa.

Derek ya ga dama ta samu. Ya zube a kan gwiwa, da ƙyar, yana dafe da kujera. Ya ce Ɗan Juma ɗan'uwansa ne na jini. Ya ce shi ya raka shi filin jirgi, ya ce ya yi ta buga waya asibiti har ranar ƙarshe. Kwalli ya gangaro masa har haɓa. Direban ya juya kowace kalma daga Ingilishi, bai rage ba bai ƙara ba, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Abin ƙyama ne a ga ƙaton namiji yana kuka, ido ɗaya na satar kallon kyamara.

Clarisse ma ta share ido. Ta ce saura abu guda, tana son hoton kabarin don ta rufe fim da shi. A wane gari yake?

Hajiya ba ta jira tafinta ba. Ta sauke mayafi, ta dubi Derek sama da ƙasa, ta amsa da Faransancin da ta shekara ashirin tana ciniki da shi, kyamara na ɗauka.

"Kabarin wanda wannan ya sauke a tashar jirgin ruwa ta Calais ba takardar shiga Ingila, ya wuce abinsa? Ba mu haƙa ba tukuna, Madame. Maigidan ne ya tuƙo ku daga Paris."