Kankanar da Ta Ƙi 'Ya'ya

Mai lambu ya tsuguna a tsakiyar kankanarsa yana ɗaga ganye, kansa ya ɗaure tamau. Yaɗo ya rufe ƙasa, ganye kore shar, fure kamar an zuba. Amma 'ya'ya babu. Fure zai buɗe da safe, kafin gobe ya yanƙwane ya faɗi.

Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, shiru. Ya je ya wanke mai sayar da iri tas, wai jabu ya ba shi. Mai iri ya rantse irin bara ne, wanda ya cika masa mota biyu. To, mene ne? Abin ya tsaya masa a rai, domin da wannan kankanar yake riƙe karatun babbar 'yarsa.

Ita kuwa a jami'a take, tana nazarin yadda halittu ke rayuwa da juna a muhallinsu. Kullum yana tsokanarta: "'Ya'yan mutane na karatun likita, ke kina bin ƙwari da littafi."

Da ta zo hutu, ta bi shi lambun da sassafe. Ta tsaya ta kasa kunne.

"Baba, me kake ji?"

"Ba na jin komai."

"Ai shi ne matsalar. Ina ƙudan zumar da ke kogon bishiyar can?"

"Waɗannan 'yan banzan? Ɗaya ta harbe ni a ido, na cinna musu wuta. Sauran kuma feshin da nake yi kowace safiya ya gama da su."

Ta taɓa roƙonsa a waya kada ya yi feshi lokacin fure, ya ce tun kafin a haife ta yake noma.

Ta tsinko fure biyu. "Wannan namiji ne. Wannan mai ɗan kumburi a ƙasa mace ce. Sai an kwaso garin wannan an kai wa wannan kafin ta yi ɗa."

Ya saki baki. "Yanzu kankana ma har da mace da namiji? To, shekara talatin wa yake yi mini wannan jigilar?"

Ta nuna masa bishiyar da ya ƙona.

Kwana biyar suna durƙushe suna goga fure da fure da hannu, amma bakin alƙalami ya bushe, lokacin fure ya wuce. Abin da suka tsinka bai cika baro ɗaya ba.

Ranar komawa makaranta, ƙawayenta suka tafi. Jakarta na nan bayan ƙofa, a ɗaure, babu kuɗin komawa. Duk shigar da zai yi sai ya gan ta, ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Jama'a, babu halittar da aka yi a banza. Kada ka kashe abin da ba ka san aikinsa ba, kuma idan mai ilimi ya yi magana ka saurara, ko da kai ka haife shi.