Kwaɗon Tokubei

Jami'in ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ɗaya hannun yana kan takobinsa.

"Kai ka buga wannan?"

Tokubei ya kifa goshi a ƙasa. Tun da hukumar birnin Edo ta hana buga fuskokin 'yan wasa, ya koma sassaƙar dabbobi a allon katako yana bugawa a takarda. Sai dai wannan kwaɗon, mai rigar jami'ai da manyan kumatu da idanu ƙwala-ƙwala, duk kasuwa an san ko wane ne. Ga kuma mai kumatun da ya kwaikwaya a gabansa, Hayami, jami'in tantance zane. Maƙwabcin Tokubei bai yi rabin wannan ba, amma sai da ya yi kwana hamsin da ankwa a hannu, aka ƙone allunansa.

"Ranka ya daɗe, kwaɗo ne kawai, irin na gonar shinkafa."

"Kwaɗo kawai? Ni za ka raina wa hankali?"

Hayami ya leƙa ƙofa, ya matso kusa, ya rage murya. "Shugaban ofishinmu ne, ko? Dubi kumatu! Shi ne sak!" Ya tuntsure da dariya, kumatunsa na rawa.

Tokubei ya sauke ajiyar zuciya.

"Buga min guda ashirin," in ji Hayami yana share hawaye. "Gobe zan raba wa abokan aikina, in ce kowa ya canki ko wane ne."