Kujerar Tambuwal

Injin hoton takarda ya tauna shafi na uku, shi ya sa Malam Na'iya ya zaro shi da hannu, shi ya sa kuma idonsa ya faɗa kan abin da bai kamata ya gani ba.

Shi dai akawu ne a kwamitin wata gidauniya mai tura ɗalibai karatun likita, a irin jami'ar nan da dubu ke nema a ɗauki hamsin. Kowace ƙaramar hukuma kujera ɗaya tak. Don kada a yi sanayya, ba a sa suna a sakamakon jarrabawar tantancewa. Lambar sirri ake sawa, wadda ko ɗalibin bai san tasa ba, sai garin uba, sai maki.

Shafin nan sakamakon masu neman kujerar Tambuwal ne. Lamba sha bakwai, Fakku, maki casa'in da ɗaya. Lamba shida, Tambuwal, tamanin da takwas. Sauran duk suna can ƙasa.

Lamba shida ba sai an gaya masa ba, Rauda ce, 'yarsa. Wa ke kama ƙafarta a garin nan? Hamdiya 'yar gidan Ɗangiwa ce kaɗai ke ɗan bin ƙurarta, ita ma daga nesa. Shekara shida yarinyar nan ba ta san biki ba, ba ta san suna ba. Ko hutu ta tafi ƙauye wurin kakarta, buhun littattafai ake ɗaure mata a bayan babur. Yanzu maki uku su raba ta da kujerar?

Abin da ya fi ci masa rai ma garin ne. Malam Na'iya mutum ne da ya ƙi jinin ƙauyanci. Shekara talatin yana goge bakinsa da takalminsa har ya zama ɗan gari, kuma babu abin da ke ba shi haushi irin mutanen karkara da ke kwararowa suna cin rabon 'yan Tambuwal. Ga shi kuma mai son a san shi da gaskiya. Ranar da Rauda ta zo ofis karɓar fom, sai da ya ɗaga murya yadda abokan aiki za su ji.

"Wagga takarda rantsuwa ta. Ki tai gida ki cika da hannunki, kar ki rubuta komi sai gaskiya. Ni ko dubawa ba ni yi."

Bai duba ɗin ba kuwa, kuma ya yi mako yana ba da labarin.

Da azahar, ofis ya watse zuwa masallaci, shi ya zauna gaban kwamfuta. Fakku ai ba Tambuwal ba ce. Tun da aka cire Kebbe aka ba ta ƙaramar hukumarta, Fakku can ta koma, sai dai tsofaffin takardu da bakin tsofaffi har yau Tambuwal suke cewa. Ya rubuta ƙorafi shafi biyu, babu sa hannu. Ya zayyana inda iyaka ta bi, da mazaɓa, da sunan rafi, dalla-dalla kamar wanda ya yi kiwon awaki a wurin. Ya ƙare da cewa mai lamba sha bakwai ya yi ƙarya a kan rantsuwa, don haka kada a bar shi ya koma ya nema ta Kebbe, ya zama darasi ga na baya.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba. Aka buɗe taswira, aka ga ƙorafi gaskiya ne. Aka soke lamba sha bakwai, aka haramta mata sake nema, kujera ta gangaro kan lamba shida. Shi aka ba buga takardar korar, ya bar gurbin suna fari don shugaba ya cike da biro idan an buɗe ambulan lambobin. Da daɗi ya buga ta. Inda aka ce "kuskure" ya ga kalmar ta yi taushi, ya mai da ita "yaudara".

Bai ji tausayin yaron ba, gaskiya ke nan. Ya dai kwatanta shi a ransa, wani mai kaushin ƙafa da zai koma ya kama fartanya, ya ga ai ba a raba shi da komai ba. Ranar kasuwa ya sayi farin yadi ya kai wa tela, ya ce riga irin ta asibiti, tsawon Rauda.

Ranar Litinin da hantsi shugaban kwamiti ya miƙa masa ambulan a rufe, da sunan Rauda a baya. Bai kalle shi ba, bai ce masa barka ba. Malam Na'iya ya ɗauka irin miskilancin manya ne. A hanya ya ji guɗa na tashi daga gidan Ɗangiwa, ya ce a ransa wata ta haihu ke nan.

Ya tarar da Rauda tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya ajiye mata farar rigar a cinya, ya ɗora ambulan a kai.

"Buɗe, Likita."

Ta goge hannu ta buɗe. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Sai ya leƙa ta kafaɗarta, kalmar da ya fara gani ita ce "yaudara".

"Wane irin kuskure na wanga?" ya ce. "Ke lamba shida ta. Wagga ta ɗan Fakku ta."

Rauda ta ɗago, ko hawaye babu tukuna, sai mamaki.

"Baba, garin uba anka ce. Kai kac ce in rubuta gaskiya, kuma Fakku anka haife ka."