Allon Dogo

Ni na yi allon da hannuna. Wani falanki da ya rage a shago na goge, na shafa masa baƙin fenti, na kafa shi a bangon ɗakin ɗana Dogo ranar da jami'a ta ɗauke shi karatun lissafi. Babba na yi shi, daga gwiwa har kusa da rufi, don yaron sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.

Ni kafinta ne, lissafina bai wuce na tef da fensir ba. Na Dogo kuwa ko lamba babu a cikinsa, sai baƙaƙe da wasu ƙugiyoyi kamar sawun kaza. Na taɓa tambayarsa ina lambobin suka tafi. Ya ce, "Baba, ai mun wuce wurin."

Yana aji biyu ya kwanta, bai tashi ba. Likita ya ce zazzaɓi ne ya hau ƙwaƙwalwa. Na ce, to wa ya dafa ƙwaƙwalwar kafin zazzaɓin ya zo ya tarar da ita a nune?

Bayan an watse zaman makoki na kafa doka biyu. Ta farko, kada wanda ya taɓa allon nan, yadda ya bar shi haka zai zauna. Ta biyu, jinina ba zai ƙara karanta lissafi ba. Jinin nawa kuwa Auta ce kaɗai ta rage.

Da lokacin shigarta jami'a ya yi, ta zo ta durƙusa tana murza yatsu. Tun kafin ta buɗe baki na ce, "Zaɓi wani." Uwarta ta ce, "Haba Baban Dogo," na ɗaga mata hannu. Bayan kwana biyu Auta ta dawo ta ce tarihi za ta karanta. Na ji daɗi. Waɗanda suka riga suka mutu ba sa dafa kan kowa.

Nakan tambaye ta, "Yau me aka koya muku?"

"An yi yaƙi, Baba."

"Wa ya ci?"

"Ba a kai wurin ba tukuna."

Shekara ta zagayo, ta yi ta zagayowa, ba a kai wurin ba. Na ce lalle malaman tarihi akwai haƙuri.

Ita na ba makullin ɗakin, don ita ce mai shara a hankali. Takan daɗe a ciki, ta fito ido jawur, hannun rigarta fari fat. Nakan yi faɗa: "Ki daina gogar allon nan da jikinki!" Uwarta ta ce, "Ƙyale ta, kewa ce."

Kullum kafin in tafi shago nakan leƙa, in tsaya gaban allon in yi wa yarona addu'a. Rubutun sama ya soma dusashewa, don hasken taga nan yake bugawa. Na ƙasa kuwa sabo fil, kamar jiya aka yi shi. Har maƙwabta na kawo su ga albarka. Mai facin taya na kusa da shagona ya ƙura ido ya ce shi dai kamar wancan karon ƙugiyar nan ba a nan take ba. Na ce, "Kai da ba ka gane ƙusa a taya sai ka tsoma ta a ruwa, kai ne za ka gane wannan?"

Ranar nan wani mai sanƙo ya zo shago yana son kantar littattafai. Cikin hira ya ce lissafi yake koyarwa a jami'a. Saura kaɗan in ce ya nemi wani kafintan. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci na a rai: ban san me ɗana ya bari a allon nan ba. Na ce in zai bi ni gida ya duba mini wani abu, kanta kyauta ce.

Ya tsaya gaban allon, ya sa tabarau, ya fara daga sama.

"Wannan na 'yan aji biyu ne. Hannu mai tsabta. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Ya gangaro ƙasa. Nan ya daɗe. Ya sunkuya, ya bi layi da yatsa, ni kuwa ina riƙe da numfashi kada ya taɓa.

"Yaushe ka ce ya rasu?"

"Da yana nan, da tuni ya gama har ya manta."

"Ikon Allah."

Ƙirjina ya cika. Na ce, "Malam, faɗa mini gaskiya. Ya riga zamaninsa, ko?"

"Ƙwarai kuwa. Ni ma ya riga ni. Wannan tambayar shekaranjiya na ƙirƙiro ta na ba 'yan ajin ƙarshe."

Tsikar jikina ta tashi. Na ja da baya, na fara karanto duk addu'ar da na iya. Ina cikin haka Auta ta yi sallama da ruwan baƙo a kan faranti, ta ƙame a bakin ƙofa.

Malamin ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Au, ashe gidanku ne? To zo ki gyara layin nan na ƙasa, wadda ta fi kowa a ajina ba ta yin irin wannan kuskuren."

Ta dube ni, ta dubi allon, ta ajiye farantin, sannan ta zaro alli daga aljihun rigarta. Ashe yaƙin da ake ta yi ke nan, kuma ranar na ga wanda ya ci.